Ranar da Inji Ya Riƙe Kansa a Bakin Gulbi

Shekarun baya masu nisa, zamanin da Turawa ba su daɗe da zama a Sakkwato ba, lokacin da in mota ta wuce sai yara su bi ta har bayan ganuwa, ni ina ƙira a rumfar gidanmu a unguwar Assada. Ba yabon kai ba, cikin samarin maƙera na lokacin babu wanda ya fi ni hannu. Fartanya, gatari, linzami, makullin ƙofa, in na ƙera na miƙa maka, jikanka ma zai gada. Na san haka, kuma ban taɓa ɓoye cewa na sani ba, shi ya sa tsofaffin rumfarmu suke cewa bakina ya fi masabata nauyi.

Ina da wani aboki, ɗan gidan malamai. Mahaifinsa babban malami ne, irin waɗanda dattawa masu furfura suke zama gabansu da littafi. Shi kuwa abokin nawa tun muna yara hankalinsa yana rumfarmu, in an neme shi an rasa, to yana gindin zugazugi. Da Turawa suka kawo wani inji mai shan kananzir suka kafa shi a bakin gulbi don ya riƙa tura ruwa zuwa wani babban tanki a kan tudu, shi ne farkon wanda ya je kallo. Daga kallo ya koma miƙa mai da tsumma, daga nan ya zama shi ne mai kula da injin. Ruwan tankin nan shi asibiti ke sha, da gidajen da ke kewaye da ita.

To injin nan yana da wani ciwo. Jikinsa akwai wata ƙatuwar ƙafar ƙarfe mai juyawa, ta fi mutum tsawo, da bel da ya haɗa ta da famfo. In famfo ya cika da ruwa, nauyi ya hau injin, sai gudunsa ya ragu, in ba a ƙara masa mai ba ya mutu. In kuma famfo ya ja iska ko bel ya sulɓe, nauyi ya sauka, sai ya zabura da gudu har ɗakin ya ɗauki rawa, in ba a rage man ba ƙafar nan tana iya tarwatsewa. Saboda haka dole mutum ya tsaya da hannunsa a kan wata 'yar sanda mai buɗe mai da rufewa, yana saurare, yana ƙarawa yana ragewa, tun safe har rana ta yi sanyi. An gwada mutane da dama. Wani daga cikinsu, injin ya zabura masa sau ɗaya, ya fita da gudu, ko takalminsa bai dawo ɗauka ba. Ni ma na gwada, na kashe shi nan take. Abokina kaɗai yake da kunnen.

Sallolin yini yana lallaɓawa, ya rage gudun injin ya yi su a gefensa a gurguje. Juma'a ce ta gagara. Masallaci yana cikin gari, da tafiya da huɗuba da dawowa ba ƙaramin lokaci ba ne. Za ku ce a kashe injin mana. Ai sake tada shi aiki ne mai cin lokaci, sai an gasa kansa da fitila ya yi ja, ƙarti sun taru sun juya ƙafar. Ga shi bazara ce, shekarar kuma sanƙarau ya shigo, asibiti ta cika har ana kwantar da mutane a gindin itace. In tanki bai cika da rana ba, da yamma babu abin da za a jiƙa wa mara lafiya goshi da shi. Abokina ya ga wannan da idonsa, ya kasa sakin sandar.

Malam ya yi shiru Juma'ar farko. Ta biyu ma bai ce komai ba. Da abin ya ci gaba, sai ya sa aka naɗe tabarmar abokina daga zaure. Ina nan ranar da ya kira shi, don ni na raka shi, muka durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ɗiyana," in ji Malam, bai ko ɗaga kai daga littafi ba, "ni ban hana ka neman halali ba. Amma aikin da shika hana mutum Juma'a, ban san sunanai ba. Mutane na tambayata ina kake, ni kau ban iya ƙarya."

"Allah shi gafarta Malam, marasa lahiya na..."

"Na ji. Allah shi ba su lahiya. In sabon wata ya tsaya ban gan ka sahu ba, ka nemi wani zaure. Tashi."

Daga ranar ya daina amsa gaisuwarsa. Wanda bai tashi a irin gidajen nan ba ba zai gane nauyin wannan ba. Abokina yana da mata da ɗa a cikin gidan, kullum da safe zai durƙusa ya gaida mahaifinsa, a yi kamar iska ce ta wuce. Na ga mutumin nan yana ramewa a tsaye, raina ya ɓaci ƙwarai.

Ana cikin haka Baturen da ke duba injuna ya dawo daga rangadi. Mutum ne dogo mai jan wuya, ƙasar duka shi kaɗai ke zagayawa, ba ya kwana biyu wuri ɗaya. Abokina ya kai kukansa ta bakin tafinta, ni kuma ina gefe don ba a barina a baya. Bature ya saurara, ya girgiza kai, sai ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin benci ya buɗe. A ciki akwai wani ƙarfe tsaye, da hannuwa biyu masu lanƙwasa, ɗaya da ƙwallon ƙarfe a bakinsa, ɗayan ya karye, ƙwallonsa ma babu. Ya ce tare da injin aka aiko shi, a bayan raƙumi ya karye tsakanin inda jirgin ƙasa ya tsaya da nan. Ya ce sunansa gwamna. Na ce wa tafinta ashe gwamna ma raƙumi yana kayar da shi, tafinta ya harare ni ya ƙi fassarawa.

Bature ya buɗe littafi ya nuna mana zanen abin, ya yi mana bayani. Injin ne ke juya ƙarfen nan. In gudu ya yi yawa, ƙwallayen su buɗe su tashi sama, tashinsu ya ja sandar mai ya rage. In gudu ya ragu, su sauko, saukarsu ta ƙara man. Wato injin da kansa yake jin gudunsa, da kansa yake gyarawa. Ya ce a ƙasarsu masu niƙa da ƙarfin iska ne suka fara amfani da irinsa, daga baya aka sa wa injunan tururi, kafin nan su ma mutum suke tsayarwa kamar yadda abokina yake tsaye. Ya ce ya aika a kawo sabo, amma sai ya hau jirgin ruwa, ya hau na ƙasa, ya hau raƙumi, ba zai iso ba sai bayan damina.

 Ban taɓa ganin dabarar da ta burge ni irin wannan ba, ƙarfe yana tsawata wa ƙarfe. Na dubi tafinta na ce, "Hwaɗa mai ni ka ƙera shi." Bature ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in na iya bismilla, abin da ya karye ba ya ƙara karyewa. Ya nuna wa abokina inda ake ɗaurawa, ya bar mana akwatin, washegari ya hau doki ya yi wajen Wamakko.

Na kai abin rumfa na zauna masa. Hannun bai ba ni wahala ba, na auna da ɗan'uwansa na ƙera. Ƙwallon ne ya ci mini gawayi. Na dunƙule ƙarfe, na bi shi da magagari, na ari ma'aunin wani mai sayar da tozali ina gwada shi da tsohon, har suka tsaya daidai babu wanda ya rinjayi wani. Na goge shi yana ƙyalli, in ka ajiye su biyun ba ka ce ga na Turai ga na Assada ba.

Sai wajen haɗawa. A nan ya kamata ku san al'adarmu. Maƙeri ba ya fitar da aiki mai motsi. In manomi ya zo sayen fartanya, abin da zai fara yi shi ne ya girgiza ta kusa da kunnensa, in ya ji ƙas, ya ajiye ya wuce rumfar gaba, kai kuma ka shiga bakin mutane. Tun ina ƙarami abin da aka dasa mini ke nan, ƙusa in ta shiga a daddaƙe ta har ta manta hanyar fita. Da na duba gaɓoɓin hannun da Turawa suka yi, na ji suna lilo sakwa-sakwa, sai na yi tsaki na ce ga inda suka gaza. Na daddaƙe nawa, na bi nasu ma na ƙara musu masaba don taimako. Na ɗaga abin na girgiza, shiru kake ji. Na ce in Bature ya dawo zai ga ƙira.

Muka ɗaura da safe kafin a tada injin. Da ya kama, abokina ya haɗa sandar mai da gwamna, ya janye hannunsa a hankali. Da farko lafiya lau, har na fara gyara hula. Can sai famfo ya ja iska, inji ya fara hawa. Ƙwallaye suna juyawa amma sun ƙi tashi. Gudu ya ƙaru, ɗaki ya ɗau rawa, sai ji muka yi ƙwaras, sun tashi gaba ɗaya sun rufe mai ruf. Inji ya yi kamar zai mutu, yana tari. Ƙwallayen suka maƙale a sama, sai da ya kusa tsayawa suka faɗo gaba ɗaya suka buɗe mai har ƙarshe. Ya sake zabura. Haka ya dinga yi, ya ruga ya faɗi, ya ruga ya faɗi, kamar jakin da yara biyu suke ja ɗaya gaba ɗaya baya. Mai gadin wurin, wani tsohon soja mutumin kudu, tuni ya kai bakin gulbi. Abokina ya yi tsalle ya cire haɗin ya kama sandar.

Da ƙura ta lafa ya dube ni, gumi yana zuba, ya ce, "Maƙeri, wanga gwamna naka ba shi jin magana sai an yi mai ihu, in ya ji kuma shi wuce wuri."

Ban yi dariya ba. Wata ya riga ya raba, kwanakin Malam suna tafiya. Amma ban karaya ba, don na san ƙwallayen sun tashi, kuma sun ja sandar. Dabarar tana nan, hannuna ne ya yi mata wani abu.

Washegari ban hura wuta ba. Na tafi ɗakin inji na sami wuri na zauna, na ce yau ba injin zan kalla ba, hannun abokina zan kalla. Na yini a nan. Abin da na gani ya ba ni mamaki. Hannun nan kusan ba ya motsi. Kafin ni in ji muryar injin ta sauya, shi ya riga ya taɓa sandar, taɓawar da ba ta wuce faɗin ƙwayar gero ba. Ba ya jira abu ya yi girma, kuma ba ya gyara da yawa. Kaɗan, da wuri, kullum. Na ce masa, "Kai, tun ɗazu mi kaka yi? Ban ga ka yi komi ba." Ya ce, "In ka ga na yi wani abu babba, to na makara."

Nan na gane. Gaɓoɓin da na raina, da gangan aka bar su sakwa-sakwa, don ƙwallayen su ji ƙaramin sauyi su amsa da ƙaramin motsi. Ni kuma na zo na ɗaure musu wuya.

Na kwance abin na koma rumfa. Na fitar da ƙusoshin nan da na sha wahalar daddaƙewa, na ƙera sababbi, na bi su da magagari, na bi da yashi mai laushi, na bi da fata da man gyaɗa. Aikin ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba, domin so ake gaɓa ta yi lilo da ɗan taɓi, amma kada ta yi girgiɗi a gefe. Tsakanin ɗaurewa da sakaci akwai wani ɗan siririn wuri, nan nake nema. Sannan na huda sabon rami a jikin sandar mai, nesa kaɗan da na da, yadda in ƙwallaye sun yi motsi mai yawa sandar za ta yi kaɗan.

Wani baffana, tsohon maƙeri, ya ɗauki abin ya karkata shi, hannuwan suka faɗi laƙwas. Ya ce, "Wanga aiki daga rumfarmu za shi hita? In an tambaye ka, kak ka ce gidanmu anka yi shi." Na ce, "Baffa, in ya yi aiki kai za ka fara cewa ɗanka na." Ya ce in ɓace masa da gani.

Ranar Laraba muka sake ɗaurawa. Mai gadi ya tsaya daga waje tun kafin a fara. Inji ya kama, abokina ya saki sanda. Ƙwallayen suka buɗe zuwa rabi suka tsaya a nan suna juyawa, suna ɗan hawa suna ɗan sauka kamar ƙirjin mai barci. Famfo ya ja iska. Ƙwallayen suka ɗaga kaɗan, sanda ta matsa kaɗan, muryar injin ko canjawa ba ta yi sosai ba. Abokina bai yarda ba, ya sa itace ya ture bel ɗin da gangan, nauyi ya sauka gaba ɗaya. Inji ya ɗan yi gurnani ya koma daidai. Ya mayar da bel, inji ya ɗan nitse ya dawo. Muka yini muna tsokanarsa ta kowace hanya, Alhamis ma haka, bai ba mu kunya ba. Na fita waje na daka tsalle ni kaɗai, da girmana.

Ranar Juma'a, ana sa ran ganin wata a daren Asabar, abokina ya cika tulun kananzir, ya zuba mai a duk inda ake zubawa, ya kira mai gadi ya nuna masa famfon kananzir ya ce in ya ji abin da bai gane ba ya rufe kawai. Ya yi wanka a gulbi, ya sa farar rigarsa da ta daɗe a ninke. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa tafiya. Sai da na ja shi. Muna hawa tudu yana waiwaye, yana karkata kunne, ni kuma ina cewa, "Tahi mana, aikina na, ba shi ɓaci." Muryar injin ta bi mu, dum, dum, dum, ba ta hawa ba ta sauka, har muka shiga ƙofar gari ta ɓace.

Mun isa da wuri, liman bai fito ba. Malam yana sahun gaba inda ya saba zama, yana jan tasbaha. Abokina ya so ya rakuɓe a baya, na tura shi gaba, muka sami wuri a sahu na biyu. Wani dattijo ya taɓa Malam ya yi masa nuni. Malam ya juyo ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sai ya tattara rigarsa ya matsa gefe, ya bar wurin mutum ɗaya.

Abokina ya je ya zauna, ni ina bayansu ina gani. Ashe hannunsa na dama bai san an baro inji ba. Yana kan gwiwarsa, 'yan yatsun suna ɗan matsawa gaba suna dawowa, shi bai ma sani ba. Malam ya lura. Ya sa hannu ya kama hannun, ya juya tafin, ya ga kanta da tabon ƙuna.  Can ya ce a hankali, "Wa ka riƙe injin yanzu?"

"Shi ka riƙe kai nai, Baba."

"Marasa lahiya na samun ruwa?"

"Suna samu."

"To bar shi shi yi aikinai, kai ka yi naka."

Bai saki hannun ba sai da liman ya hau mumbari. Ni da nake taƙama idona ba ya ruwa ko a gaban wuta, ranar sai da na sunkuyar da kai.

Sabon gwamna ya iso bayan damina kamar yadda aka ce. Bature ya duba nawa, ya saurari injin, ya mayar da sabon cikin akwati ya ce a ajiye saboda wata rana. Baffana kuwa har ya bar duniya yana gaya wa baƙi cewa a rumfarsa aka yi.

Yanzu na tsufa, masaba ta fi ƙarfina. Jikana da ya yi karatun injiniya shi ya matsa mini in ba da labarin nan. Ya ce abin da muka yi fama da shi fanni ne guda da ake karantawa shekara da shekaru, yadda za a sa na'ura ta auna halin da take ciki, ta gwada da inda ake so ta tsaya, ta gyara kanta. Ya ce shi ne a cikin firji, da dutsen guga mai kashe kansa, da ƙwallon da ke rufe ruwa in tanki ya cika, da injin wutar gari, har da jirgin sama. Ya ce rugawa da faɗuwar nan da injinmu ya yi, har yau ita ce abin da suke yaƙi da shi, da lissafi mai cika allo. Na ce masa madalla, ni da yashi da man gyaɗa na yi nawa lissafin, kuma ya fita.

In an tambaye su amfanin abin, sukan ce yana tsimin mai, yana hana ɓarna, yana tsare rayuka. Duk gaskiya ne, na gani. Amma ni abin da na riƙe daban ne. Shekaru bayan haka Malam ya kwanta ciwon ajali, kuma abokina ne ya yi jinyarsa. Ranar ƙarshe da safe ya je ya tada inji, ya bar wa mai taimaka masa, ya dawo ya zauna a gefen gado. Da rana tsaka Malam ya cika, kansa a kan cinyar ɗansa, ruwa kuma yana hawa tanki. Da har lokacin hannunsa yana kan sandar nan, da aike za a yi masa bakin gulbi a ce ya zo an yi rasuwa.